Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Duk wanda ya yi firamaren En'e ta cikin Mandawari daga bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, zuwa yaƙin basasa, to ta hannun Malam Nata'ala ya shiga, ko yana so ko ba ya so. Ba hedimasta ba ne, bai ma taɓa neman zama ba. Malamin aji ɗaya ne, shekara ashirin da biyu cur yana aji ɗaya, har abokan aikinsa kan tsokane shi wai a duk Kano ba a taɓa yin daƙiƙi irinsa ba, mutum ya yi furfura bai kai aji biyu ba. Shi kuwa sai ya ce ai gara shi, yaransa ba su koyi ƙarya da Turanci ba tukuna. Dogo ne siriri mai ɗan rankwafawa, hularsa kullum da farin alli a gefen da yake kamawa ya gyara ta. Ubansa maɗinkin hula ne a nan unguwar, shi Malam ma da kuka aka raba shi da gida aka kai shi elementare, ya kuma daɗe da yafe wa waɗanda suka kai shi.

Babban aikinsa na shekara ranar farko ce, ranar ɗaukar sababbin yara a watan Janairu. Lokacin wa yake rubuta ranar haihuwa? Ka tambayi uwa shekarun ɗanta, ta ce maka an haife shi daminar da katangar gidan liman ta faɗi, alhali katangar nan sau uku tana faɗuwa. Saboda haka sai a gwada yaro da jikinsa. Zai ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa, ya nemo kunnen hagu. In yatsu sun taɓa kunne ya isa shiga makaranta, in ba su taɓa ba a koma gida sai baɗi. Malam Nata'ala ne mai gwajin, hukuncinsa kuma ba ya wuce "Ya kai" ko "Bai kai ba."

To ka san mutanen cikin gari da boko a wancan zamani. Mai unguwa zai bi gida-gida ya rubuta yara, iyaye kuma su zauna koya musu dabara. A ce wa yaro ya ƙanƙame gwiwar hannu, ya noƙe kafaɗa, ya ɗan kauda kai, sai ga ƙato ɗan shekara tara ya koma ɗan yaye. Wasu a ɗora musu doguwar hular uba a cusa tsumma a ciki. Malam ya san su duka. Ba faɗa, ba tsawa. Hular zai cire ya miƙa wa mai rakiya, ya kama wuyan hannun yaron da yatsu biyu, ya ja a hankali har ya sauka a kunne. Tsofaffi sun zage shi a zaure, sun zage shi a bakin rijiya, wata ma ta taɓa biyo shi da muciya har ƙofar masallaci. Bai taɓa sakin yaro ɗaya da hannunsa ya kai ba, kuma yana alfahari da hakan. Yakan ce, "Ku zage ni yau, gobe ku gode mini."

Ɗansa Isyaku ma haka ya yi masa. Ɗan fari ne, don haka saboda kunya Malam bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, "wancan yaron" yake ce masa, a aji kuma ya fi kowa shan bulala don kada a ce an yi son kai. Isyaku ya gama firamare da takarda mai kyau, ya samu aikin akawu a wani ma'aunin gyaɗa wajen Ƙofar Ruwa, ya auri Uwani 'yar Goron Dutse, suka haifi Sule. Da yaƙi ya ɓarke aka shiga ɗaukar soja, magana ta bazu cewa mai takardar makaranta ba ya daɗewa zai samu igiyar muƙami a hannu. Isyaku ya tafi. Ba shawara ya zo nema ba, sallama ya zo yi. Malam ya ce Allah ya tsare, ya ci gaba da gyaran kacar kekensa.

A daminar shekara ta biyu ta yaƙin, Malam ya dawo daga kwas ɗin malamai a Wudil, ko jaka bai ajiye ba aka ce Uwani na da takarda. Ta miƙo ta daga bayan ƙyauren tsakar gida. Da Turanci take, bugun tafireta, layi biyar. Ya karanta a tsaye. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya tafi gaya wa liman. Kukan Turai matarsa da na Uwani ya biyo shi har lungu, bai waiwaya ba. Ba gawa, ba kabari, sai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in.

Tun daga ranar bai ƙara jin komai ba. Mutane na ta yaba masa, wai Malam akwai tawakkali, Malam namijin duniya ne. Ba su sani ba ne. Shi ya san wannan ba haƙuri ba ne, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ce, ka mintsine ta ba ka ji ba. Yana cin tuwo don an ajiye masa. Yana cin goro don hannunsa ya saba zuwa aljihu. Ya shiga aji ya rubuta baƙaƙe a allo, yara su bi, ya goge. In an kunna rediyo a ƙofar gidan mai unguwa ana faɗar garuruwan da aka kama, yakan tsaya ya ji har ƙarshe, ya ce musu sai anjima.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a ka, shi ma ba zafi yake masa ba, zama kawai ya yi. Cikin yaran da ya taɓa jan hannunsu zuwa kunne, goma sha ɗaya sun shiga soja da takardar makaranta. Huɗu an yi musu zaman makoki ba gawa. In ka ce masa ai 'yan dakon kasuwa ma da ba su taɓa riƙe fensir ba sun tafi sun mutu, ba zai musa maka ba. Amma su ba shi ya kama hannunsu ba.

Sai ga Disamba, mai unguwa ya kawo jerin yaran da za su shiga, sunan Sule na ciki. Uwani ce ta aika aka rubuta shi. Ta gama takaba gab da ƙaramar salla ta koma gidan iyayenta a Goron Dutse da yaron, amma ta ce makarantar da ubansa ya yi ita zai yi. Malam ya dubi sunan ya mayar da takardar. A ransa ya riga ya gama magana, yaron nan ba zai shiga boko ba. Ya yi karatun allo, ya koyi ɗinkin hula, ya tsufa a lungu ba wanda ya san da zamansa. Sai dai ta yaya? Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana fizgo 'ya'yan mutane, yau ya buɗe baki ya ce a cire jikansa? Da wane ido zai dubi Mandawari?

Ranar Juma'ar ƙarshe ta hutu aka kawo masa Sule wuni, kamar yadda aka saba. Da aka sauko daga masallaci suka zauna a zaure su biyu.

"Abokina, zo nan. Ɗaga hannu mu gani."

Sule ya ɗaga. Yatsunsa suka rufe kunnen har ƙasa.

"Kullum Inna tana gwada ni," in ji shi. "Ta ce na kusa fin ka tsawon hannu."

"Innarka ba ta san gwaji ba. Ka san abin da ake yi wa wanda hannunsa ya kai? Zaman benci tun safe har azahar, ba gudu, ba langa. Wanda bai kai ba kuwa, a keke zan ɗora shi mu je tasha kallon jirgin ƙasa."

Idon yaron ya buɗe. Malam ya shiga koya masa, wa ya kai shi sanin abin? Duk dabarar da aka taɓa yi masa ya tace, ya zaɓi wadda ta fi wuyar kamawa. Ba noƙe kafaɗa, wannan ko makaho ya gane. Gwiwar hannu za a ɗan buɗe waje, a bar iska tsakanin hannu da kai, sannan a yi ta miƙa yatsu kamar ana iya ƙoƙari. A gwaji na uku Sule ya iya. Saurin ɗaukar ubansa ne da shi, Malam ya lura da haka kamar yadda zai lura da cewa la'asar ta yi.

"Sirrinmu ne, ni da kai. Ko Inna kada ta ji."

"Ko Inna," in ji Sule.

Ranar Litinin makaranta ta cika tun kafin hantsi. Manyan yara na shara suna jifan juna da 'ya'yan darbejiya. An fito da bencina an jera, kusan rabinsu ƙafa uku, domin kafintan da ke gyara su duk ƙarshen shekara, wani mutumin Sabon Gari mai yawan raha, ya gudu tun tashin hankalin da aka yi kafin yaƙi, har yau ba wanda ya san ko ya isa garinsu. Ba a ambatarsa, duwatsu ake tokara wa bencinan. Malamai biyu matasa sun shiga soja, an haɗe aji huɗu da aji biyar a ɗaki ɗaya. Masu ƙosai da gurasa sun kafa a bakin ƙofa. Hedimasta Malam Baffa ya hau dakali ya yi jawabin sabuwar shekara, shi ne dai na bara, tsafta da yanke farce da zuwa da wuri. Ya ƙara da a yi fatiha ga waɗanda ke bakin daga. Aka shafa. Wasu malamai suka saci kallon Malam Nata'ala, shi kuwa tsinin alƙalaminsa yake duba.

Aka ajiye tebur a gindin bishiya, Malam a tsakiya, mai unguwa a dama da jerin sunaye, hedimasta a hagu da babbar rajista. Masu rakiya yawanci kakanni ne da yayye. Uwani kaɗai ce matashiyar mace a wurin, ta lulluɓe da mayafi tana riƙe da Sule, an aske masa kai ƙwal an sa masa rigar salla.

Aka fara. Ya kai. Ya kai. Bai kai ba. Wani ya zo da hular da ta kusa rufe masa ido, Malam ya cire ya miƙa wa kakarsa, tsumma ya faɗo, aka yi dariya. Wata 'yar yarinya ta ƙanƙame hannu tana ihu, ya kama da yatsu biyu ya ja, ta kai. 'Ya'yan mutane dai bai fasa ba, ka ji son kai. Hannunsa ne ke aikin da ya saba, shi ba ya wurin.

"Sule Isyaku," in ji mai unguwa.

Sule ya fito yana danne dariya. Ya ɗaga hannu, ya buɗe gwiwa daidai yadda aka koya masa, yana ta miƙa yatsu har da cije leɓe. Tsakanin yatsun da kunnen akwai faɗin yatsa biyu. Kowa na jiran Malam ya miƙa hannu ya ja, yadda ya yi wa talatin da suka gabata. Hannayensa suna kan tebur, a nan suka zauna.

"Bai kai ba," ya ce. "Sai baɗi."

Malam Baffa ya ɗago kai ya dubi yaron, ya dubi Malam, ya mayar da ido kan rajista. Wa zai yi musu da mutumin da ya rasa ɗa wata biyar da suka wuce? Mai unguwa ya kira na gaba. Malam ya duba cikinsa ko zai tarar da sauƙi, ko kunya, ko wani abu. Bai tarar da komai ba.

Waɗanda ba su kai ba suka watse, kakanninsu na ta hamdala. Uwani ba ta tafi ba. Ta ja yaron suka zauna a jikin katanga. Ta taga Malam yana ganinta yayin da yake zaunar da sababbi huɗu-huɗu a benci, yana nuna musu hanyar bayan gida, yana raba masu faɗa. Inuwar katangar ta janye ta bar su a rana, ba ta gusa ba. Ta sayo wa yaron gurasa, ita ba ta ci ba.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka fice kamar an buɗe garken awaki. Malam na goge allo sai ya ji sallama. Uwani ce ta durƙusa a bakin ƙofar aji, ta kauda fuska gefe. Shekara takwas tana gidansa, maganarsu ba ta taɓa wuce ina kwana da sannu da zuwa ba, abin da ke tsakanin suruki da suruka ke nan.

"Baba, a gafarce ni. Zan yi magana."

"Ina ji."

"Hannunsa ya kai. Tun kafin azumi ya kai."

"A gida ke nan. Nan makaranta ce."

"Na sani. Na kuma san abin da kuke gudar masa. Ni ma ina gudar masa. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Takardar nan da na ba ku ran da kuka dawo daga Wudil, ba ranar ta zo ba. Kwananta tara a wurina."

Malam ya ajiye tsumman goge allo.

"Wanda ya kawo ya ce sunana ne a kai. Duk wasiƙun da ɗanku yake aikowa naku ne, ni gaisuwa ce rabona a ƙarshe. Sai na ce to, yau ni ya rubuto wa, ni kaɗai. Na ji kunyar kai wa wani namiji a waje ya karanta, a ji abin da ya ce mini. Na nuna wa 'yar maƙwabta mai aji uku, ta ce Turanci ne, sunansa kawai ta gane. Na ce shi ke nan hutu aka ba shi, zuwa zai yi. Na sa ta ƙarƙashin matashi. Na share ɗaki, na wanke kwanuka na sake jere, na yi kitso. Na yi lalle, Baba, hannu da ƙafa. Kwana tara ina dariya a tsakar gida, mutuwarsa tana ƙarƙashin kaina. Da lallen nan na shiga takaba. Mata suka zo gaisuwa suna kallon hannuna suna taɓa juna. Na goge da toka, na goge da dutse, ya ƙi fita."

Ba kuka take ba. Muryarta a kwance take, irin ta wanda ya daɗe da gama kukansa. Malam kuwa ya tuna. Hannun da ya miƙo masa takardar daga bayan ƙyaure ja ne jawur. Ya gani a lokacin, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

"Ajali ba ni da iko da shi, ku ma ba ku da shi," in ji ta. "Da boko da ba boko, in ya zo ya zo. Abin da ba na so, yaron nan ya riƙe takarda a hannunsa tana magana a kansa shi bai ji ba. Wannan kaɗai nake roƙo. In kun ce sai baɗi zan jira baɗi, ba yadda zan yi. Jikanku ne."

A waje masu gurasa na haɗa kayansu, wani yaro na kukan an ɗauke masa takalmi ɗaya. Malam ya leƙa ƙofa ya hango Sule.

"Abokina," ya ce. "Zo."

Sule ya shigo, bakinsa duk ƙuli-ƙulin gurasa.

"Ɗaga hannu."

Yaron ya saci kallon uwarsa, ya dubi kakansa ya ɗan kanne ido, ya sake yin dabarar, wannan karon ma ta fi kyau. Malam ya sunkuya ya kama wuyan hannun da yatsu biyu. Sule ya turje.

"Kaka," ya yi raɗa, "sirrin fa?"

"Saki hannun."

"Jirgin ƙasan fa?"

"Za mu je. Saki."

Ya saki. Hannun ya kwanta a kan askin, yatsu suka rufe kunne. Malam bai sake shi nan da nan ba. Wuyan hannun siriri ne mai ɗumi, jijiyarsa na bugawa a ƙarƙashin yatsunsa, da sauri-sauri irin na yara.

"Ya kai," ya ce, a ajin da ba kowa sai su uku.

Ya je ofis, Malam Baffa ya juyo masa rajista ya miƙa masa alƙalami. Da ya dawo ya ce wa Uwani gobe ƙarfe bakwai da rabi, a yanke masa farce. Ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, ta kama hannun yaron. Sule na tafiya yana waiwaye, fuskarsa a murtuke, an ci amanarsa kuma bai san laifin da ya yi ba.

Malam ya koma ya ɗauki hularsa zai tafi, sai ya fasa. Ya zauna a bencin yara. Wata biyar yana jira ya ga abin da zai fara dawo masa, yana zaton kuka ne. Ba kuka ba ne, tsoro ne. Tsoro sosai, kuma ya san da shi zai riƙa zuwa aiki kullum, yana kallon ƙeyar yaron nan a benci na gaba. Ya ƙirga da yatsu, nan da shekara goma sha biyu Sule zai isa ɗaukar bindiga. Kowa dai na cewa yaƙin ba zai kai baɗi ba. Haka suka ce bara ma.